Babura Sun Yi Yawa A Tseren Keke, Kuma An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wanda ya zauna gaban talabijin a watan Yuli yana kallon tseren keke na Tour de France zai ga mahaya kusan 180 suna ratsa ƙauyuka da duwatsun Faransa har tsawon mako uku, amma da wuya ya lura da abin da ke nuna masa su. Kusan kowane hoto na kusa, wanda ke bayyana gumi a fuskar mahayi da jijiyoyin da suka fito a ƙwaurinsa, daga kan babur aka ɗauko shi, mai kyamara yana tsaye a bayan matuƙi ya saki hannu biyu, babur kuwa yana gudu. Ni mai son babur ne, kuma na fi kallon waɗannan matuƙa fiye da yadda masu shirya tseren suke so a kalle su. Duk da haka ra'ayina shi ne babura sun yi yawa a tseren keke na ƙwararru, sun matso kusa da mahaya fiye da kima, har sun zama suna da hannu a sakamako, kuma duk lokacin da aka yi ɓarna hukunci yakan faɗa kan matuƙi, alhali wanda ya cusa shi cikin wannan matsatsi yana zaune a ofis babu mai tambayarsa.

Sai an san aikin da babur yake yi a tseren kafin a yi masa adalci. A gaba akwai baburan jami'an tsaro masu share hanya, waɗanda a Faransa rundunar Garde républicaine ce ke samar da su. Akwai baburan alƙalan tsere, da na mai tsara zirga-zirgar ayari wanda shi ke ba da izinin wucewa, da na mai allo wanda ke rubuta tazarar lokaci da alli yana ɗaga wa mahaya, da na masu ɗauke da ƙafafun keke don taimakon duk wanda tayarsa ta fashe ba tare da duba ƙungiyarsa ba. Akwai na likita, da na masu miƙa gorar ruwa, da na masu tuta da usur da ke tsayawa a shataletale ko wata mummunar kwana su yi gargaɗi, sannan su sake hawa su wuce ayarin domin su riga shi isa wuri mai haɗari na gaba. Bayan waɗannan sai 'yan jarida: masu ɗaukar hoto, masu kyamarar talabijin, da masu sharhi kai tsaye. Hoton da babur ya ɗauka yakan tashi zuwa jirgin sama mai shawagi, daga can a sauko da shi wurin da za a kammala zangon, sannan ya bazu a duniya. Tseren keke na titi ba ya sayar da tikiti, domin ba a iya kewaye titi mai tsawon kilomita 200 da katanga, saboda haka kuɗinsa yana fitowa ne daga talabijin, da kamfanonin da sunayensu ke jikin rigunan mahaya, da garuruwan da ke biya don a bi ta cikinsu. Idan babu babur mai kyamara, babu albashin kowa.

Gwanintar waɗannan matuƙa kuwa ba ta da mai musu, kuma a nan ne zuciyata take karkata gare su. Keken tsere, bisa dokar hukumar keke ta duniya UCI, nauyinsa ba ya yin ƙasa da kilo 6.8, babur babba kuwa idan ya ɗauki mutum biyu da kayan aiki yakan kai kilo 400 ko ya zarce. A gangaren dutse irin Galibier ko Tourmalet mahayi yakan haura kilomita 80 a awa, kuma a kwana mai kaifi keke ya fi babur mai nauyi saurin juyawa, don haka dole matuƙin ya riƙa tserewa gaba tun kafin kwana, yana kallon titi da madubi a lokaci guda, ga mutum a tsaye a bayansa yana karkata inda hoto ya kira shi, ba inda nauyin babur yake so ba. A hawa kuma wahalar ta juya: sai a yi tafiyar hawainiya a giya ta ɗaya, hannu a kan kuloci, inji yana zafi, 'yan kallo sun rufe titi ba sa buɗewa sai babur ya iso gabansu. A tseren Paris-Roubaix akwai fiye da kilomita 50 na tsohuwar hanya mai shimfiɗar duwatsu, wadda idan ta bushe ƙura ce, idan ta jiƙe santsi ne. Duk wanda ya taɓa goya mutum a babur a kan hanya mai gargada ya san abin da ake nufi. Ina faɗin wannan ne domin kada a ɗauka cewa matsalar ta gangancin wasu 'yan koyo ce.

Matsala ta farko ba ta zubar da jini, shi ya sa aka daɗe ana raina ta. Idan mahayi yana gudun da ya haura kilomita 40 a awa a kan shimfiɗaɗɗen titi, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa yana ƙarewa ne wajen keta iska. Dukan dabarun tseren keke a kan wannan aka gina su: shi ya sa ake tafiya a dunƙule, shi ya sa kowace ƙungiya take da mahaya waɗanda aikinsu kawai su sha iska a madadin jagoransu, shi ya sa wanda ya ɓalle shi kaɗai daga ayari ake masa kallon jarumi. Wanda ya taɓa bin bayan tirela a babur a hanyar Kano zuwa Zariya ya ji yadda iska take sakin ƙirjinsa, babur ya yi sauƙi ba tare da an ƙara masa wuta ba. Masu tseren keke sun san wannan tun kaka da kakanni. Tsohon tseren Bordeaux zuwa Paris, mai kusan kilomita 600, wanda aka daina a 1988, an daɗe ana yin kashinsa na biyu ne a bayan ƙananan babura da gangan, kuma tseren keirin da aka fara a Japan a 1948 har gobe a gasannin duniya babur ne ke jan mahaya kafin ya kauce. A 2018 Denise Mueller-Korenek ta kai gudun kilomita 296 a awa a kan keke a filin gishiri na Bonneville da ke Amurka, saboda mota tana gabanta tana tare mata iska. To yaya za a ce abin da aka gina wasanni a kansa ba shi da tasiri idan ya faru ba da niyya ba?

An ma auna shi. Farfesa Bert Blocken da abokan aikinsa a jami'ar fasaha ta Eindhoven a ƙasar Holan sun yi gwaji a ɗakin iska da kuma lissafin kwamfuta, suka gano cewa babur da ke gaban mahayi da tazarar mita biyu da rabi yana rage masa tirjiyar iska da kusan rabi, kuma ko da tazarar ta kai mita 30 ragin yana kaiwa kashi 12 cikin 100, wanda a gudun kilomita 54 a awa ya zama ribar fiye da daƙiƙa biyu a kowane minti. Sun kuma nuna cewa abin hawa da ke biye da mahayi a baya ma yana taimakonsa, saboda iskar da yake turawa gaba. A tuna cewa Greg LeMond ya lashe Tour de France na 1989 ne da daƙiƙa 8 kacal a kan Laurent Fignon, bayan mako uku ana fafatawa. Abin da ya fi damuna shi ne wannan taimako ba ya rabuwa daidai. Kyamara tana bin wanda ya yi suna ne, tana bin mai riga ruwan ɗorawa, wato jagoran tseren, tana bin ɗan ƙasar da ake tseren, wanda kuwa ke bin sawu a rukuni na uku yana keta iskarsa shi kaɗai. Ba sai wani ya ƙudurta maguɗi ba, son hoto mai kyau kaɗai ya isa ya karkatar da ma'auni. UCI ta yarda da binciken a wani ɓangare, domin daga 2023 ta ƙara tazarar da motar ƙungiya za ta bari a bayan mahayi a tseren agogo, inda kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa, daga mita 10 zuwa mita 25. Amma a tseren gama-gari, inda babur yake gaba kuma tasirinsa ya fi girma, har yanzu idon alƙali ne ma'auni, shi ma alƙalin a kan babur yake.

Matsala ta biyu ita ce mai zubar da jini, kuma shekarun 2015 da 2016 sun isa shaida. A watan Agusta na 2015 Greg Van Avermaet yana kan gaba shi kaɗai a hawan ƙarshe na tseren San Sebastián a Sifen sai babur ya buge shi ta baya ya jefa shi gefen hanya, Adam Yates ya isa layin ƙarshe bai ma san shi ne ya yi nasara ba. A ƙarshen wannan watan, a tseren Vuelta, babur ɗin masu taimakon taya ya kwashe Peter Sagan a hanyar Murcia, ya tashi da fata a saɓule yana faɗa, sai alƙalai suka ci shi tara saboda fushin da ya nuna, washegari ya janye daga tseren. Ranar 27 ga Maris, 2016, a tseren Gent-Wevelgem, wanda masu bibiyar mahayan Afirka suka sani saboda Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya lashe shi a 2022, Antoine Demoitié ɗan Beljiyam mai shekara 25 ya faɗi tare da wasu, babur da ke biye ya afka masa, ya rasu a asibitin Lille. Matuƙin gogagge ne, kuma ƙungiyar mamacin ba ta ɗora masa laifi ba. Wata biyu bayan haka, a tseren Beljiyam, babura biyu suka yi karo da juna yayin da suke ƙoƙarin wuce ayari, suka faɗa cikin mahaya, Stig Broeckx ya shafe watanni a cikin dogon suma, kuma bai sake komawa tsere ba. Shi wannan Broeckx ɗin a watan Fabrairun shekarar wani babur ya riga ya buge shi a tseren Kuurne. Mutum ɗaya, sau biyu cikin wata uku, ba za a kira wannan tsautsayi a yi shiru ba.

Wasu haɗurran ba su kashe kowa ba, sai dai sun kashe gasa. Ranar 14 ga Yuli, 2016, iska mai ƙarfi ta sa aka sauko da layin ƙarshe daga ƙolin dutsen Ventoux zuwa Chalet Reynard, jama'ar da ya kamata ta bazu a kilomitoci da dama ta taru a wuri guda, babur mai kyamara ya taka birki saboda hanya ta toshe, Richie Porte ya daki bayansa, Chris Froome da Bauke Mollema suka faɗo, wani babur ya karya keken Froome, duniya ta ga jagoran Tour de France yana hawan dutse da gudu a ƙafa. A Giro na Italiya na 2017 babur ɗin ɗan sanda da aka ajiye a bakin titi kafin hawan Blockhaus ya kayar da Geraint Thomas da Adam Yates da Mikel Landa a lokaci guda. A 2020 Julian Alaphilippe, yana sanye da rigar zakaran duniya, ya daki babur ɗin alƙalai a tseren Flanders ya karya hannu, a daidai lokacin da shi da Mathieu van der Poel da Wout van Aert suka ɓalle su uku.

Wanda ya fi bayyana inda laifin yake, a ganina, shi ne na Tour de France na 2023. A zango na 14, kusa da ƙolin Joux Plane, tazarar da ke tsakanin Jonas Vingegaard da Tadej Pogačar a jadawali daƙiƙa 9 ce, kuma akwai garaɓasar daƙiƙoƙi ga wanda ya fara haye ƙolin. Pogačar ya miƙe ya kai hari, bai yi nisa ba ya tarar da babura biyu a gabansa, na talabijin da na mai ɗaukar hoto, sun kasa gaba saboda jama'a ta cika hanya, dole ya sassauta, Vingegaard ya karɓe garaɓasar. An ci matuƙan da waɗanda suka goya tara, aka dakatar da su zango ɗaya. Bayan 'yan kwanaki, a hawan Col de la Loze mai tsananin miƙewa, babur ɗin da ke ɗauke da tsohon mahayi Thomas Voeckler, wanda yake sharhi wa talabijin ɗin Faransa, ya mutu a tsakiyar kwana, motocin baya suka cushe, Vingegaard sai da ya sa ƙafa a ƙasa. Voeckler da matuƙinsa su ma aka dakatar da su. Gaskiya ne cewa Vingegaard ya gama tseren da ratar fiye da minti 7, don haka ba babur ne ya ba shi kofi ba, amma a ranar Joux Plane babu wanda ya san haka. Tambayar da ba a yi ba ita ce: wa ya yanke shawarar kada a kafa shinge a wurin da aka sanya garaɓasa, inda kowa ya san nan za a kai hari? Wa ya ba da izinin babura masu yawa haka a kan hanyar da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba idan jama'a ta matso? Matuƙi ba ya zana hanya, ba ya raba katin shiga, ba ya zaune a ɗakin da darektan talabijin yake magana a kunnen mai kyamara yana cewa a ƙara matsawa. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa da yawa daga cikin baburan nan don tsaron mahaya suke, cewa titunan Turai sun cika da shataletale da tudun rage gudu da sandunan tsakiyar hanya waɗanda babu su shekaru arba'in da suka wuce, kuma idan aka rage masu tuta mahaya za su riƙa dakan waɗannan abubuwa. Na yarda da rabin wannan. Amma mai tuta da ke tsayawa sannan ya sake wuce ayari sau da yawa a rana shi kansa haɗari ne, domin wucewar ita ce lokacin da aka fi yin karo, kamar yadda abin da ya sami Broeckx ya nuna. Ana iya tsayar da mutane na dindindin a wuraren, ana iya tsara wa babura hanyoyin kewaye su fita daga titin tsere su sake shigowa a gaba, kuma wasu masu shirya tsere sun fara yin haka. Abin da ke hana yaɗuwarsa shi ne tsada. Suna kuma cewa mahaya ba waliyyai ba ne, da yawa suna neman bayan babur da kansu idan sun samu dama, 'yan kallo kuma su ne ke toshe hanya da tutoci da wayoyi. Wannan ma gaskiya ne, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Sai dai mahayi da aka biya shi don ya yi nasara ba zai kauce wa sauƙin da aka ajiye masa a gaba ba, kuma ba shi da ikon korar babur, mai shirya tsere ne ke da shi.

Ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A 2017 UCI ta fitar da ƙa'idojin tafiyar ababen hawa a cikin ayarin tsere, a 2018 ta rage mahayan kowace ƙungiya a manyan tsere uku, wato Tour de France da Giro da Vuelta, daga tara zuwa takwas, a 2023 aka kafa SafeR don nazarin haɗurra, kuma daga 2025 katin gargaɗi ya fara aiki sosai, wanda ake iya ɗaga wa mahayi ko direban mota ko matuƙin babur, wanda ya samu biyu a tsere ɗaya a kore shi a kuma dakatar da shi kwana bakwai. Amma a duba yadda waɗannan matakai suka jeru: an rage mahaya, waɗanda su ne wasan, sannan a 2025 aka sake ƙara ƙungiya ta 23 a manyan tseren saboda buƙatar kasuwa, kati kuma na mutum ɗaya ne da ke kan titi. Kamfanonin da suka mallaki tseren, irin ASO mai Tour de France da Paris-Roubaix da Vuelta, sun fi hukumar ƙarfin aljihu, kuma hukuma ba ta cika son takalar wanda ke riƙe da babbar hajarta ba.

Abin da nake ganin ya dace bai wuce ikon fasahar yau ba. A ƙayyade adadin babura gwargwadon faɗin hanya, ta yadda a hawa mai matsatsi da kilomitocin ƙarshe babur ɗaya mai kyamara da na alƙali kawai za su rage, masu ɗaukar hoto su haɗa kai su raba abin da ɗaya ya ɗauko, masu sharhi da manyan baƙi kuwa su kalla a allo kamar kowa. Sharhi daga kan babur yana da daɗin saurare, ban musa ba, amma bai kai a tsayar da jagoran tsere saboda shi ba. A ɗaura wa kowane babur na'urar auna tazara, irin wadda ƙananan motoci ma suke da ita yanzu, ta riƙa rubuta tsawon lokacin da ya yi a gaban kowane mahayi da nisan da ya bari, a wallafa wannan bayan kowane zango kamar yadda ake wallafa sakamako. Idan aka saɓa, tarar ta hau kan gidan talabijin ko mai shirya tseren, ta kuma yi nauyin da za su ji a jikinsu, a bar wa matuƙi hukuncin ganganci na ƙashin kansa kawai. Matuƙan su ma a ɗauke su a matsayin ƙwararru masu lasisi na musamman da horo da hutu, domin a ƙananan tsere da yawa 'yan sa-kai ne masu sha'awa, kuma sha'awa ba ta koya wa mutum yadda ayarin keke yake buɗewa da rufewa kafin kwana. Jirage marasa matuƙi sun riga sun nuna amfaninsu a tseren keke na daji da na taɓo, kuma za su iya karɓar wani kaso na aikin a gangare inda babu taron jama'a, ko da yake ƙarfin batir da haɗarin faɗowa kan mutane ba za su bari su maye gurbin babur gaba ɗaya ba.

Akwai farashin da mu 'yan kallo za mu biya, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Kyamarar da ke nesa da mita 40 ko 50 sai ta yi amfani da gilashin jawo nesa, hoton zai riƙa rawa, za a fi dogara da hoton sama da na gefe da na baya, kuma wannan fuskar mai azaba da muke so mu gani a kusa za ta ragu. Gidajen talabijin za su yi ƙorafi, wataƙila wasu masu talla ma su yi. Wannan batu ya shafi Afirka kai tsaye yanzu, tunda Kigali ta karɓi gasar cin kofin duniya ta tseren keke na titi a watan Satumba na 2025, karo na farko a nahiyar, kuma tsere irin Tour du Rwanda da Tour du Faso, wanda ake yi a Burkina Faso tun 1987, suna neman ƙarin masu kallo da masu zuba kuɗi. Masu shirya su suna da damar da Turawa suka rasa, wato su rubuta iyakar adadin babura da tazarar da za su bari a cikin yarjejeniyar talabijin tun kafin kuɗin ya yi yawan da zai hana a taɓa ta.